Tumbin da Na Baro a Masar

Tun da na dawo kun hana ni sakat. A majalisa tambaya, a mayanka tambaya, ko a ƙofar masallaci sai wani ya riƙe min hannu ya ce, "Moluwe, yaya Masar?" alhali ba Masar ce ta dame shi ba, wuyan rigata yake leƙe ya ga iya inda na zube. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba ya sa a karanta masa, kada kowa ya sake tare ni a hanya.

Saboda waɗanda ba su san ni ba, sunana Haladu, mahauci ne ni ɗan mahauci, a Agege aka haife ni, bayan layin dogo. Moluwe kuwa sunan manyan motocin hayar nan ne na da, masu kwasar mutane fal su tafi suna nishi, kuma abokina Garba ne ya laƙaba min shi tun ina saurayi. Shi ɗin dai ne ya ɗauki bidiyo ranar da kujerar roba ta tarwatse da ni a bikin 'yar wata Bayarabiya mai sayen nama a wurina. Kafin in tashi daga ƙasa bidiyon ya riga ni isa unguwa. Mutanen da ko gaisawa ba ma yi na gan su suna kallona a waya suna share hawayen dariya.

Amma in faɗa muku gaskiya, kujerar masallaci ta fi ta bikin ci min rai. Ina da shekara arba'in da ɗaya na koma salla a zaune. Gwiwa ta ƙi, numfashi ya ƙi, ga hawan jini. A gefena a sahu kuwa mahaifina ne, ya haura tamanin, yana durƙusawa yana miƙewa ba mai riƙe shi. Duk sujadar da ya yi sai in ji kamar in nutse don kunya.

Dole in ɗan tsaya a kan Baba, don in babu shi babu labarin. Tun ina yaro tire ɗaya muke ci da shi bayan azahar. Tsarin bai taɓa canzawa ba. Zai ɗauki ƙashi ya buga a bakin tire har bargon ya faɗo, ya turo min da yatsa, mu ci, sannan ya riga ni tsame hannu yadda babba ke yi, ya turo tiren gabana ya ce, "Ƙarasa." Ni kuwa ban taɓa ba shi kunya ba. Da Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce sai abin ya zama wani iri. Baba ya daina cin abinci in ba ina gabansa ba. In na ci da kyau ya ci, in na yi sanyi ya yi sanyi, ran da na je Ibadan na wuni kuwa shayi kawai ya sha. Duk na san wannan sarai. Amma na shirya tafiyata tsaf ban tambayi kaina da wane ciki zan dawo in zauna a gabansa ba.

Garba ne ya haɗa ni da wani Malam Tanimu, Bahaushe mazaunin Alkahira, mai tarbar marasa lafiya ya kai su asibiti. Ta waya ya cika ni da romon baka. "Alhaji, ba fa yanka ba ne irin naku na mayanka. 'Yan huji ne guda biyar, a rage tumbin ta ciki. Kwana uku ka miƙe, wata guda ka koma cin komai, sai dai ka ga ka zama ɗan saurayi." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tun da ya ce min Alhaji na yanke cewa mutumin kirki ne.

A gida matata Rabi kaɗai ta san gaskiya. Tambaya ɗaya ta yi min: "Baban Ummi, Baba fa?" Na ce sati uku ne kawai, ki lallaɓa shi. Shi kuwa Baba cewa na yi gwiwa za a duba min. Ya kalle ni ya ce, "Gwiwa har Masar? Masu ɗorin Agege sun mutu ne?" Sai ya sa aka kawo masa cinyar sa, ya zauna da wuƙarsa ya yi min kilishi da hannunsa, abin da ya yi shekara goma bai yi ba, ya naɗe a takarda ya ce guzuri ne. Bai san daga ranar da zan hau jirgi likita ya hana ni komai sai ruwa-ruwa ba, wai don hanta ta sauke kitse kafin aiki.

Wauta ta ƙarshe da na tafka kafin in tashi ita ce zuwa wurin tela. Na sa ya ɗinka min kaftani uku da awon Garba, wanda kun san iska mai ƙarfi ma tsoronta yake ji. Na rataye su a ɗaki, na ɗauki hoto na nuna wa 'yan majalisa. Ku tuna da kaftanin nan, za su dawo.

Daga Agege zuwa filin jirgi na Ikeja ba wata tafiya ba ce, amma sai da muka yi awa biyu, wata danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ta mace a tsakiyar titi direbanta na zagin kowa kamar mu muka kashe ta. A cikin jirgi bel ɗin kujera ya ƙi kaiwa. Ma'aikaciyar ta je ta ɗauko ƙari, ta taho da shi a ɗage tun daga gaba don kowa ya shaida. Maƙwabcina wani ɗan kasuwar Idumota ta Legas ne, na matse shi a jikin taga, ya ce, "Oga, na two seat you suppose buy o." Wai kujera biyu ya kamata in saya. Na ce masa ya bari in dawo, zai neme ni a kujerar ya rasa. Da aka kawo abinci ya cinye nasa, ya dubi nawa, na tura masa. Nan take fushinsa ya wuce.

A filin jirgin Alkahira aka duba fasfo da katin rigakafi, jami'in ya tambaye ni abin da ya kawo ni da wani Turanci da ban kama ko kalma ɗaya ba. Larabcina kuwa bai wuce na salla ba. Sai na dafa tumbina, na yi alamar yanka da gefen hannu yadda muke nuna wa mai saye inda za a raba. Ya tuntsire da dariya, ya kira na kusa da shi ya sa na sake yi. Wajen binciken kaya ƙamshin kilishi ya tona min asiri. Mutumin ya buɗe takardar, ya kai hanci, yaji ya buge shi, ya yi atishawa uku ya yi min hannu in wuce.

Malam Tanimu na jira a waje, mutum mai kimanin hamsin, babbar riga, waya uku. Karatu ya kawo shi ƙasar shekara ashirin da biyar da suka wuce, kuma in ka tambaye shi har yau yana shekarar ƙarshe. Ya kai ni wani gida hawa na shida inda yake ajiye marasa lafiyarsa, kowa da ɗakinsa. Lif ɗin gidan kamar akwatin kaya yake, da ƙofar katako. Maigadin ya dube ni ya dubi jakata ya ce sai dai ɗaya bayan ɗaya. Jakar ta fara hawa.

Sati guda na yi a nan ina shan ruwan miya da nono marar sukari, don haka duk abin da zan faɗa muku game da abincinsu da hanci na ci shi. Da safe wake suke ci, dafaffe lugub da mai, ba yaji ba komai, wanda in aka kai wa mai ewa agoyin, waken Yarabawa mai yaji, na bakin tasha sai ta yi ƙarar mutum. Burodinsu gurasa ce da ta sha wuya, ana ɗauko ta a faifan katako a ka, a kan keke. Wanda ya tashi da burodin Agege ba zai kira wannan burodi ba. Akwai wata miya koriya mai yauƙi da suke ji da ita, Malam Tanimu ya yi ta kurara min ita, da na leƙa tukunyar sai na ga ewedu ce tsagwaronta, lalon da muke sha kullum. Abu ɗaya ya burge ni. Matansu ba sa saukowa cefane, kwando suke zurowa da igiya daga bene, mai kaya ya zuba su ja. Na ce da Rabi ta ga wannan da mun koma gidan sama.

Titi kuwa, da na ɗauka direbobin danfo ne ƙarshen rashin hankali, ashe 'yan koyo ne. A can ham ɗin mota shi ne birki, shi ne sigina, shi ne gaisuwa. Kowa kuma Basha ne, wato mai gida. Mai shara ya ce maka Basha, ka ce masa Basha, a rabu lafiya.

Hali ba ya barin mutum, sai da na nemi mahautansu. Suna rataye sa guda a ƙofar shago da hatimi ja a jiki, su yanka su ɗora a sikeli, allura na tsayawa su naɗe. Ba ciniki, ba gyara, ba ɗan ƙashin miya da za a jefa wa mai saye don ya dawo gobe. Na nuna wa ɗayansu tabon wuƙa a yatsuna, ya nuna min nasa, muka gane juna. Ya aika aka kawo min shayi da sukari ya kai rabin kofi. Na riƙe shi har ya huce, na ajiye na yi godiya.

Babbar jarabawata kilishin Baba ce. Ƙamshinsa ya cika ɗakin, ya shiga kayana. Rana ta uku Malam Tanimu ya shigo ya shaƙa ya ce, "Alhaji, wannan ai fitina ce a gare ka, bari in ɗauke maka ita." Ya zauna a bakin gadona ya ɗauke min ita da haƙoransa. Ina kallo abin da tsoho ya yi kwana uku yana shanyawa yana shiga bakin mutumin da ko sunan wanda ya yi bai tambaya ba. A ranar na kira gida. Rabi ta ce Baba koko kawai yake sha, kullum kuma sai ya tambaya yaya gwiwar.

A ɗakin da ke kusa da nawa akwai wani Alhaji Isufu, ɗan kasuwa daga Maraɗi. An yi masa aikin wata takwas da suka wuce, ya dawo a sake duba shi. Fatar damtsensa na reto kamar rigar aro. Ana gobe za a shiga da ni, da safe, na same shi a falo da rabin dafaffen ƙwai a faranti. Na zauna ina kallonsa. Rabin awa ya yi a kan rabin ƙwan nan.

Na ce, "Alhaji, azumi kake ramawa ne a hankali?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, wanga shi ne karin safe. Ni ba ni cewa na yi hasara, sukari ya tahi, ina tahiya da ƙahwata. Amma loma huɗu, ka ji, huɗu. Ta biyar dawowa takai."

"Har zuwa yaushe?"

"Lokotoro ya ce zai ɗan buɗe. Amma irin cin da ka sani, yi mishi ban kwana tun yau. Kar ka tambayi Tanimu, tambayi lokotoro da bakinka."

Nan na sha jinin jikina. Ba abin da ya zo min a ido sai yatsan Baba yana turo tire. Da muka je asibiti da hantsi na ture Malam Tanimu gefe, na tattaro Turancina na Legas na tambayi likitan yaushe zan koma cin abinci kamar da. Mutumin bai yi min ƙarya ba. Ya ɗauki kofin shayin da ke kan teburinsa ya ɗaga ya ce daga yanzu wannan ne kwanona. Ya ce in ina da shakka in koma in yi tunani, ba wanda ya ɗaure ni.

Don haka kada wani ya ce an cuce ni a Masar. An faɗa min, da kofi a hannu. Muna fitowa na ce wa Malam Tanimu ina jin zan fasa. Bai yi gardama ba, sai ya gyara hula ya ce, "Ba laifi, Alhaji. Sai dai ka zo har nan ka koma da tumbinka? Me za ka ce wa mutanen Agege?" Shekara ashirin da biyar ɗin nan dai ba a banza ya yi su ba, ya san inda ake danna Bahaushe. Na tuna kaftani uku a rataye. Na tuna bakin Garba. Na ɗora su a sikeli ɗaya da tsoho mai shan koko, kuma don ku san irin mutumin da kuke tambaya labari, kaftanin ne suka rinjaya.

Washegari aka tuɓe ni, aka sa min wata riga mai buɗaɗɗen baya da doguwar safa mai matse ƙafa, aka ɗora ni a gado mai taya. Ina kallon fitilun rufi suna wucewa sai na tuna shanun da na kayar a rayuwata, da yadda suke juya ido in an ɗaure su. Ban taɓa tambayar kaina abin da suke kallo ba sai ranar. Aka ɗora min wani abu a hanci, na yi bisimilla, ban kai ƙarshenta ba.

Na farka da ciwon da ban yi zato ba. Cikin na ciwo, amma kafaɗa ta fi, kamar an soka min tsinken tsire an bar shi a ciki. Wai iskar da suka hura min don su ga wurin aiki ce ta hau sama. Ga ƙishi. Na roƙi ruwa da Hausa, da Turanci, da Yarabanci, aka jiƙa auduga aka shafa min a leɓe. Ban gama tantance duniya ba wata nas gajeruwa ta zo ta yaye bargo tana cewa, "Yalla, Basha, yalla." Wato in tashi mu je, wai tafiya ce maganin iskar. Na fito baranda riƙe da sandar ƙarin ruwa, sai ga irina sun kai takwas, ƙattai daga ƙasashe daban-daban, kowa a sunkuye, kowa rigarsa a buɗe ta baya, muna zagaye muna gaisawa da ka. Da Garba na nan da wayarsa da ya samu abin da zai ci shekara yana nunawa.

Kurɓar ruwa ta farko da aka ba ni ta sauka kamar na haɗiyi tsakuwa. Daga nan tsoro ya karɓi aiki. Na ji ana cewa wani lokaci ɗinkin kan yi yoyo ta ciki, to duk motsin da cikina ya yi sai in ce shi ke nan ya ɓalle. Na dami nas da awon zafin jiki har ta fara ɓuya in ta hango ni. Ina ta ayyana yadda za a kira Rabi, da yadda za ta shiga ta faɗa wa Baba cewa gwiwa ta kashe ɗansa.

Rana ta biyu likitan ya shigo da fara'a, ya ce aiki ya yi kyau, ya miƙo min wayarsa in ga abin da aka cire. Yana kwance a kan wani koren ƙyalle. Wani zai ga abin ƙyama, ni idon mahauci na sa masa. Lafiyayye ne. Ba tabo, ba ƙari, ba kumburi, launinsa mai kyau. Da na saniya ne, da masu buka sun yi rububinsa kafin ya huce. Shekara arba'in da huɗu yana min aiki bai taɓa ƙin abin da na ba shi ba. Na mayar da wayar na juya fuska bango, hawaye na zuba. Na yi nadama a lokacin, nadama irin wadda ba ta da inda za ta je, don ba a mayar da shi. Ban tambayi inda za su kai shi ba. Ko a raina abin bai zo ba.

Alhaji Isufu ne ya cece ni da muka koma masauki. Ya same ni ina harara da gorar ruwa, an ce in shanye ta kafin yamma ni kuwa kowace kurɓa azaba. Ya ce, "Ɗauko tazbaharka. Ƙwaya guda, kurɓa guda, salati guda. Kar ka dubi gora." Haka na yi. In tsoro ya taso in ja carbi in kurɓa, in ciwo ya taso in tashi in zagaya falo, in nadama ta taso in kira Rabi ta ba ni labarin unguwa, wa ya yi faɗa da wa a bakin famfo. Ba su kore komai ba, amma sun kai ni yamma, kullum.

Masu tambayata ko na ga dalar Fir'auna, na gani. Malam Tanimu ya kai ni a mota ana jibi zan taho, ina rungume da matashi a ciki saboda gargada. Tulin duwatsu ne masu tsini. Na leƙa ta taga na ce mu koma.

A jirgin dawowa bel ya kai da ƙyar ba ƙari, na yi murna ta minti biyar. Muna shigowa Agege ƙamshin burodi da hayaƙin tsire suka tare ni, abin da na yi sati uku ina mafarki, sai ga zuciyata na tashi. Garba na ganina ya riƙe baki ya ce, "Ah ah, Moluwe, lafiya kuwa? Ka ga yadda ka lalace? Shebi ka fi kyau da jikinka." Bakin da ya yi shekara ashirin yana kirana motar haya ke nan. Na wuce shi na nufi gida.

Na shiga wurin Baba. Ni aka yi wa aiki, shi ya fi ni zubewa. Hularsa ta yi masa yawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sannu da hanya. Rabi, kawo tire." Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ga ƙashin bargo a tsakiya. Na ce maganin gwiwar ya hana ni abu mai nauyi sai nan da wata guda. Ya ce, "To." Ya yi loma biyu, ya wanke hannu, ya rufe tiren.

Haka muka yi ta yi. Ni da kofin romo, shi da loma biyu ko uku. Ina sauka, yana sauka. Wata Juma'a, kusan wata biyu da aikin, na ture kujerata a masallaci na kai goshina ƙasa, karo na farko cikin shekara uku. Na yi kuka a sujadar nan don daɗi. Da na ɗago na waiga in ga ko Baba ya gani, sai na same shi zaune a kan kujerar da na ture. Ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa.

Washegari na ce wa Rabi ta cika tire irin na da. Ta ce, "Baban Ummi, ka san abin da likita ya ce." Na ce ta cika. Muka zauna. Na yi loma ɗaya babba yadda na saba, na yi ta biyu. Na ga fuskar Baba ta buɗe, ya gyara zama, ya kai hannu da gaske. Ta uku, ta huɗu. Ya ɗauki ƙashi ya buga a bakin tire, bargon ya faɗo, ya turo min da yatsa. Na haɗiye. Na ƙara ta biyar, na bi ta da tsoka.

Sai na ji kamar an kafa min ƙusa a ƙahon zuci. Zufa ta karyo, yawu ya cika min baki. Na yi ƙoƙarin in zauna daram, ina murmushi, amma ina. Da rarrafe na kai bakin kwata a tsakar gida, duk abin da na ci ya dawo, har bargon. Rabi ta zuba min ruwa a ka.

Na koma na zauna. Baba bai taɓa tiren ba. Ya ce, "Ɗaga rigarka."

Na ɗaga. Ya matso, ya bi tabon nan biyar ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yadda yake duba dabba kafin ya saya.

"Gwiwar taka a nan take?"

Na saki rigar ta sauka.

"Me suka cire?"

"Tumbi, Baba."

"Nawa?"

"Kashi uku cikin huɗu."

"Ciwo gare shi?"

"A'a. Lafiyarsa ƙalau."

Ya jinjina kai. Can ya ce, "A ina aka binne shi?"

Ya ce, "Ko yatsa aka yanke wa mutum ana haƙa rami a sa. Kai mahauci ne, Haladu. Kayan cikin akuya ma ba ka bari a ƙasa." Na sunkuyar da kai ina jiran zagi, ina ma roƙon ya zo. Maimakon haka sai ya yi magana a hankali, kamar da kansa yake. "Shekara arba'in ina tsame hannu ban ƙoshi ba, don in bar maka. Ashe ni na cika shi. Ashe abin da na yi ta tara maka ke nan, har sai da ka je wata ƙasa aka yanke aka zubar."

Na ce, "Baba, ba laifinka ba ne." Bai saurare ni ba. Ya jawo tiren gabansa, har gefen da na ci na bari, ya fara ci. A gidanmu babba bai taɓa cin ragowar yaro ba. Ya ci a hankali, yana tauna da sauran haƙoransa, bai ɗago ba sai da ya suɗe tiren. Ya wanke hannu ya ce, "Daga gobe ka ci huɗunka ka tsame. Ni zan ƙarasa."

To masu tambaya, ga Masar. Na sauke nauyi mai yawa, ina salla a ƙasa, an rage min ƙwayar hawan jini, ɗaya daga cikin kaftanin ma ya shige ni, sai dai ban iya sa shi ba. Baba ya bar kujerar, ya koma tsayuwarsa a sahu. Garba kuwa ya zo a ɓoye yana tambayata ko aikin zai yi wa surukinsa, na ce ya je ya tambayi likita da bakinsa, in an ɗaga masa kofi ya kalle shi da kyau.

Har yau tire ɗaya muke ci bayan azahar. Ina yin huɗuna in tsame hannu, in tura masa sauran. Ban taɓa iya ce masa ƙarasa ba, shi ma bai jira in ce. Kullum sai ya ɗauki ƙashin ya buga a bakin tire, bargon ya faɗo, yatsansa ya turo shi har rabin hanya. Sai ya tsaya. Sannan ya jawo shi baya ya kai bakinsa, ba ya kallona.